Na'urar Duba Fuska a Shagunan Kwalliya na Garwa da Marwa: Abin da Take Aunawa da Inda Take Ruɗewa

Wasu shagunan gyaran jiki a Garwa da Marwa, har Kuseri da tsallaken gadar Ngeli cikin Njamena, sun fara ajiye wani akwati mai fitilu a ciki. Mace za ta ɗora haɓarta a kan ɗan maɗori, ta jingina goshi, a ɗauki hoton fuskarta, sai allon da ke haɗe da akwatin ya fito da maki: tamoji kaza, tabo kaza, maiƙo kaza, wani lokaci har da abin da suke kira shekarun fata. Daga nan mai shago ta jawo kwalaben mayukan da take sayarwa. Ra'ayinmu a kan wannan na'ura shi ne: idan an riƙe ta a matsayin kyamarar da ke ɗaukar hoto iri ɗaya a kowane zuwa, tana da amfani sosai, kuma ba asara ba ce a biya mata kuɗi. Idan kuwa aka bar lambar da take fitarwa ta yanke hukunci a kan fatar baƙar mace, to ba ta kai nan ba, kuma mafi yawan cutarwar da ake yi da ita daga wannan lambar take tasowa.

A cikin akwatin akwai kyamara ɗaya da fitilu kala uku ko huɗu. Akwai farin haske na yau da kullum. Akwai haske mai matacin da ke kashe ƙyallin fata, don a ga ja da launin da ke ƙarƙashinta. Akwai kishiyarsa, mai ƙara fito da ƙyalli da kaushin saman fata. Sai kuma hasken UV mai shuɗi-shuɗi, na gano tabon rana da toshewar ramukan fata. Manhajar da ke ciki ba ta auna zurfin tamoji. Hoto ne shimfiɗaɗɗe take dubawa, ta nemi siraran layuka masu duhu fiye da fatar da ke kewaye da su, ta ƙirga su, ta ja musu koren layi ko shuɗi. Wato inuwa take ƙirgawa. Na'urorin da ke auna zurfi da gaske, irin su PRIMOS da aka fara ƙerawa a Jamus da Antera 3D ta kamfanin Miravex na Ayalan, suna gina siffar fatar ne da tudu da kwarinta, su ba da zurfi a ɗan ɓangaren milimita. Waɗannan kayan ɗakin bincike ne masu tsada. Ita kanta VISIA ta kamfanin Canfield na Amurka, wadda yawancin akwatunan shago ke kwaikwayon siffarta, hoto take ɗauka, sai dai an daidaita haskenta da wurin ajiye kai sosai.

Da zarar an gane cewa inuwa ake ƙirgawa, sauran matsalolin za su fito fili. A farar fata, layin tamoji baƙi ne a kan fari, manhaja na ganinsa nan take. A fata mai duhu bambancin layin da kewayensa kaɗan ne, don haka na'urar kan tsallake tamoji na gaske. Ta wani ɓangaren kuma kyamarar kan ƙara haske da kanta don ta ga fuskar, sai maiƙon goshi da karan hanci su yi fari fat, gefen wannan ƙyallin ya zama layi a idon manhaja. Silin gashi da ya zamo daga ƙarƙashin ɗankwali, gashin ido, jelar kwalli da ta zarce gefen ido, duk tana iya sa su a lissafin tamoji. Wadda ke da tsagar gado a kumatu ko bille, na'urar za ta ja wa kowace tsaga layi, ta ce fatarta ta tsufa, alhali tabo ne da ta tashi da shi tun jarirantaka kuma babu man da zai taɓa shi. Haka tabon sujada a goshi yakan shiga lissafin tabon rana. Mai aikin da ta san hannunta za ta gyara iyakar wurin da ake aunawa, ta cire waɗannan daga ciki. Idan na'urar shagon ba ta ba da damar yin haka, makinta na tamoji ba abin dogaro ba ne ga mai zane a fuska.

Sai maganar shekarun fata, wadda ita ce ta fi tayar wa mata hankali. Manhajar na kwatanta hoton ne da tarin hotunan wasu mutane da aka zuba mata tun a masana'anta. Kafin ku yarda da lambar, ku tambayi mai shago fatar su wa aka kwatanta taku da ita, kuma ko an zaɓi launin fatarku a cikin manhajar kafin ɗaukar hoto. Likitocin fata na rarraba launi ne da ma'aunin Thomas Fitzpatrick na 1975, daga 1 zuwa 6, kuma akasarin mutanen yankinmu suna rukuni na 5 ko na 6. Fatar wannan rukuni ba ta tsufa yadda ta Turawa ke yi. Melanin, sinadarin da ke ba fata launi, yana tare wani kaso na zafin hasken rana. Wani bincike na 1979 ya kiyasta wannan kariya, a ma'aunin SPF da ake auna ƙarfin man kariya daga rana da shi, da kusan 13 a baƙar fata, kusan 3 a fara. Shi ya sa siraran tamoji na gefen ido da na saman leɓe ke jinkirin fitowa a wajenmu, sau da yawa da shekara goma ko fiye. Abin da ke fara nuna shekaru a fuskokinmu shi ne launi ya rarrabu, kumatu su sauko, layin da ke gangarowa daga gefen hanci zuwa gefen baki ya zurfafa, ƙasan ido ya faɗa. Na'urar da aka koya wa farautar siraran layuka ba ta ganin saukowar kumatu ko kaɗan. Don haka idan aka ce muku, "Hajiya, kin ga fatarki ta kai ta 'yar shekara hamsin," kada gabanku ya faɗi, kuma kada ku buɗe jaka a kan wannan maganar kaɗai.

Gwajin da za ku yi kafin ku biya

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona ingancin kowace na'ura cikin minti biyar. A ɗauki hoto, a rubuta makin tamoji. Ku tashi tsaye, ku ɗan zagaya, ku dawo ku sake ɗora haɓa, a sake ɗauka. A yi haka sau uku ba tare da an shafa komai ba. Tazarar da ke tsakanin maki mafi girma da mafi ƙanƙanta ita ce kuskuren na'urar. Idan ta ba da 62, ta ba da 70, ta ba da 65, to duk wani "ci gaba" da bai wuce maki 8 ba bayan wata uku ba aikin mai ba ne, rawar na'ura ce. Shagon da ya yarda da ingancin kayansa ba zai ƙi wannan gwaji ba. Abubuwan da ke kawo wannan tazara sanannu ne: maɗorin haɓa da ya sassauta, kan da ya ɗan karkata, ƙurar hunturu a kan gilashin kyamara, hasken taga da ke kutsowa ta gefen akwatin, da fitilun da ke raguwa idan wuta ta yi ƙasa ko an koma kan janareta. Ga ido kuma: mutum yakan runtse shi idan fitila ta haska, runtsewar nan kaɗai na ninka layukan gefen ido.

Ku kuma lura da wace fitila aka yi hoton farko da wadda aka yi na biyu. Hasken da ke fito da ƙyalli yana nuna kowane ɗan kaushi, mai kashe ƙyalli kuwa yana shafe tamoji kusan gaba ɗaya. Idan an nuna muku hoton "kafin" da haske mai fito da ƙyalli, hoton "bayan" da mai kashe shi, an auna muku gero ne da mudu biyu daban. Wasu masu shago ba da gangan suke yi ba, ba a koya musu bambancin ba ne, amma sakamakon ɗaya ne ga aljihunku.

Abin da likitoci ke dogara da shi har yau shi ne idon ƙwararre tare da ma'auni mai hotunan misali. Richard Glogau, likitan fata a San Faransisko, ya kasa fuska gida huɗu a shekarun 1990: babu tamoji, tamoji sai an motsa fuska, tamoji ko fuska na hutawa, sai fuskar da tamoji ya mamaye. Ma'aunin Gottfried Lemperle na 2001 ya fi dacewa da bibiyar layi guda, daga 0 zuwa 5: 0 babu komai, 1 da ƙyar ake gani, 2 mara zurfi, 3 matsakaicin zurfi, 4 mai zurfi da gefe bayyananne, 5 mai zurfi ƙwarai har fata ta ninku. Ana ba kowane wuri makinsa daban, goshi daban, tsakanin gira daban, gefen ido daban, layin hanci zuwa baki daban, dama da hagu kowanne da nasa. Wannan ya fi lamba ɗaya ta fuska duka amfani nesa ba kusa ba, domin mai na iya gyara gefen ido ya bar layin hanci yadda yake, lamba ɗaya kuwa za ta cakuɗa su. Shago nagari zai rubuta muku waɗannan maki a takarda tare da kwanan wata, ya haɗa da hotunan. Kuma kowane wuri a duba shi sau biyu: fuska a sake, sannan a ɗaga gira iya ƙarfi, a ɗaure fuska, a yi murmushi har haƙora su fito. Layin da ke fitowa sai an motsa, tsoka ce ke jawo shi. Wanda ke nan ko ana barci, fatar ce ta karye a wurin. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Shirin ɗaukar hoton shi ne rabin aikin, kuma nan ne shaguna suka fi gaggawa. A wanke fuska da sabulu mai laushi, a goge hoda da kwalli da jan baki tas, a ɗaure gashi baya, a ja ɗankwali ya bar goshi a buɗe. Kada a shafa mai tun safe. A zauna cikin ɗakin minti 20 zuwa 30 kafin a ɗauka, domin wadda ta sauko daga kan babur da tsakar ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fuskarta na gumi da ƙyalli, ba za ta ba da hoton gaskiya ba. Ɗakunan bincike kan riƙe ɗaki a wajen digiri 20 zuwa 22 da laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ba kowane shago zai iya haka ba, amma kowa zai iya maimaita yanayi ɗaya: ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya na yini, hoto uku, gaba da gefen dama da gefen hagu a karkace rabi. Da safe fuska kan ɗan kumbura ta ɓoye layuka, da yamma su fito, don haka wadda aka auna da ƙarfe tara a dawo da ita ƙarfe tara.

Babban abin da takardun na'urar ba sa faɗa, domin ba don ƙasarmu aka rubuta su ba, shi ne yanayin shekara. A Marwa da Njamena, daga Disamba zuwa Maris laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Saman fata ya bushe, ya yi furu-furu, ƙananan layuka su bayyana ko'ina kamar an zana. A watan Agusta laima ta haura kashi 70, fatar ta sha ruwa ta cika, layukan nan su ɓace ko ba a shafa komai ba. Duk wadda aka auna a Janairu, aka sayar mata da mai, aka sake aunawa a tsakiyar damina, za ta ga ci gaba mai ban mamaki, kuma damina ce ta yi aikin. Akasin haka ma na faruwa: a fara mai nagari a Satumba, a auna a Janairu, a ga maki ya lalace, a watsar da abin da ke aiki. Hanyar kauce wa wannan ita ce a sa farko da ƙarshen gwaji cikin yanayi guda, ko a ajiye hoton wata ɗaya na bara a kwatanta da na bana. Azumi ma haka: ƙishirwar la'asar da ƙarancin barci na canza fuska, kada a kwatanta hoton Ramadan da na bayan salla.

Kowane magani da lokacin aunonsa

Man da ke jiƙa fata, mai gilisarin ko man kaɗanya, yana lafar da siraran layukan bushewa cikin rabin sa'a. Amfani ne na gaske, musamman a hunturu, amma idan aka daina kwana biyu za su dawo. Akwai kuma mayukan da ke ɗaure fata nan take, masu sinadarin silikat da ke bushewa ya ja fata, da masu silikon da ke cike layi su watsa haske. Tasirinsu na 'yan sa'o'i ne, wanka ɗaya ya tafi da shi. Saboda haka hoton "bayan" da aka ɗauka a zama ɗaya da na "kafin" ba ya nuna an gyara fata.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa wajen rage siraran tamoji shi ne tiretinoyin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1995. Yana zuwa da ƙarfi 0.025, 0.05 da 0.1 cikin ɗari, kuma magani ne na takardar likita. Ana shafa gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, da dare, a busasshiyar fata, ana kauce wa kusurwar ido da gefen hanci da leɓe. A fara da dare biyu a mako, a ƙara sannu a hankali. A makonnin farko fata kan yi saɓa da zafi, don haka idan an auna a mako na 4 makin zai iya fin na farko muni; awo mai ma'ana sai mako na 12, hukunci kuwa sai na 24. A baƙar fata duk inda ya ƙone yakan bar baƙin tabo mai daɗewa, shi ya sa muke ganin fara wa da mafi rauni ya fi, kuma tsakiyar hunturu ba lokacin farawa ba ne. Ba a haɗa shi da dilka ko halawa a fuska. Halawa na iya ɗaye fatar da ke kan wannan magani, sai an dakata da shi kamar mako guda. Mai ciki da mai neman ciki ba sa amfani da shi sam. Retinol na kanti ɗan'uwansa ne mai rauni, yana buƙatar haƙuri fiye da haka, kuma zafi da haske na lalata shi, don haka kwalbar da ta kwana ta wuni a rumfar kasuwa cikin zafin Maris ba lallai ta rage da ƙarfi ba.

Man kariya daga rana ba ya rage maki, hana shi hawa yake yi, kuma wannan sai a shekaru ake gani. A wani gwaji da aka yi a garin Nambour na Ostireliya aka wallafa a 2013, an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, ana ɗaukar shatin fatar bayan hannunsu da silikon. Masu shafawa kullum sun nuna tsufan fata ƙasa da na sauran da kashi 24 cikin ɗari. Farar fata ce akasarinsu, amma ga mu ma yana da muhimmanci, musamman don hana launi rarrabuwa da kuma ga mai shafa tiretinoyin. SPF 30 ko sama, tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya.

Inda muka fi jin tsoron wannan na'ura shi ne inda ta haɗu da man bilicin, abin da a Kamaru ake kira janseng ko dekapaj. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, waɗanda za ku ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone a jikin kwalinsu, suna sa fata ta yi haske da santsi a makonnin farko, makin tabo da na kaushi su sauka, allo ya nuna kore. A ƙarƙashi kuwa fatar sirancewa take yi, kolajin da ke riƙe ta na raguwa. Bayan watanni sai jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, nankarwa ta fito, fatar ta yamutse fiye da ta sa'o'inta. Hydroquinone, wani sinadarin bilicin, idan an daɗe ana shafawa yana kawo baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. A watan Agusta na 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigowa da sayar da kayan kwalliya masu irin waɗannan sinadarai da masu makuri, wato zaiba, amma haɗe-haɗen da ake zubawa a roba mara suna ba su ƙare ba. Idan shago ya auna ku sannan ya miƙo haɗin da babu jerin sinadaransa a jiki, ku bar shi a kan teburin, komai kyan makin da aka yi muku alkawari.

Akwai kuma batun sirri, wanda bai kamata a ji nauyin tambayarsa ba. Hoton fuskar mace ne ba mayafi, ba kwalliya, kuma yana zama a cikin na'urar shago, wasu na'urorin ma na tura shi ta intanet zuwa ma'ajiyar kamfani. Ku tambaya wa ke iya buɗe shi, ku ce ba ku yarda a sa shi a tallar Facebook ko TikTok ba, ku nemi a ba ku kwafi. A goge maɗorin haɓa da na goshi da alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari a gabanku.

Wadda babu irin wannan shago kusa da ita, wayarta za ta yi mata kusan duk aikin. Ta zaɓi ɗaki, ta rufe taga, ta kunna fitila ɗaya tak da ke gefe sama kaɗan, ta yi alama a ƙasa inda kujera take da inda mai ɗauka zai tsaya, kamar mita ɗaya da rabi. A yi amfani da kyamarar baya, a kashe filasha, a kashe duk wani gyaran fuska da wayar ke yi da kanta, domin wayoyi da yawa na zuwa da shi a kunne. Idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya shafe ƙananan layuka. Bayan mako 12 a sake, sannan a ba wata 'yar'uwa hotunan biyu ba tare da an gaya mata wanne ne na farko ba. Idan ta kasa rarrabewa, man bai yi aikin da ido ke gani ba.

Layukan da ke fitowa sai an ɗaure fuska, da zurfafan ninkin gefen hanci, mai ba ya kai gare su, kuma a nan ne wasu shaguna ke kawo maganar allura. Botox, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002 don layin tsakanin gira, yana sassauta tsoka ne. Ana duba aikinsa a ɗaurarriyar fuska daga mako biyu zuwa kwana 30, kuma yana gushewa cikin wata uku zuwa huɗu. Sai an adana shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, abin dubawa a garin da wuta ke ɗaukewa. Allurar ciko ta hayaluronik kuwa ba a auna ta sai kumburi ya sabe, bayan mako biyu zuwa huɗu, domin kumburin kansa na shafe layi. Idan Botox ya zarce wurinsa fatar ido kan sauko ta yi makonni, ciko kuma idan ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fatar wurin ko ya makantar. Wannan aikin likita ne a asibiti, wanda ke da maganin narkar da cikon a kusa, kuma mallakar na'urar duba fuska ba ta ba mai shago izinin riƙe sirinji.